Sunan da Aka Tono da Sunan da Aka Ɓoye

Ranar kasuwa ce a Badagishiri, la'asar ta yi sanyi, motocin dabbobi da na albasa sun fara ɗaure kaya za su kama hanyar Tsarnawa. Ina zaune a rumfar mai shayi sai ga ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'ar Tawa, ya ja benci ya zauna, ya miƙo mini wayarsa ko gaisuwar kirki bai gama ba.

"Kawu, dubi wannan."

Hoton wani ɗan teburi ne a kusurwar ɗaki, an lulluɓe shi da shuɗin yadi. Akwai kyandir biyu, da kaskon turaren wuta, da faranti mai dabino biyar ko shida, da ɗan zaki na tagulla wanda bai fi babban yatsa ba. A bango an rataye tauraro mai tsini takwas. Gefe guda ga kofin gilashi da wani abu mai kumfa, wanda ban tambaya ba, don na san ba kunu ba ne. Ta taga ana hango ƙanƙara ta rufe rufin gidan maƙwabta.

Ya ce wata mata ce a Amurka, a nan take ibadarta kowace safiya, wadda take yi wa kuwa sunanta Inanna. Ya maimaita sunan gaɓa-gaɓa yana kallon fuskata. Sannan ya rage murya, ko da yake mai shayin yana can yana cacar baki da wani a kan canji: "Kawu, anya ba Innarmu ba ce ta kai can?"

Na yi dariya, ban ba shi amsa a ranar ba. Rage muryar da ya yi ta fi tambayar tsaya mini a rai. Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, mai karanta Faransanci kamar ruwa, ya faɗi Inanna da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, da ya zo kan Inna sai ya sassauta.

Inanna tsohuwa ce ta gaske. Garinta Uruk, a kudancin Iraƙi ta yau, wurin da ake kira Warka, kuma a harabar ɗakin tsafinta, Eanna, aka tono wasu daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da ɗan Adam ya bari, na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen Sumer sun ɗauki sunan da ma'anar uwargijiyar sama. Akkadawa da Babilawa da Assuriyawa suka kira ta Ishtar. Ita ce ta sha'awa, ita ce kuma ta yaƙi. Dabbarta zaki, alamarta tauraron nan mai tsini takwas. Wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa aka yi Enheduanna, ɗiyar Sarki Sargon na Akkad, mai riƙe da ɗakin tsafin wata a birnin Ur, wadda ake jingina wa waƙoƙin yabon Inanna, har ake cewa ita ce marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta. Daga baya Nebukadnezzar na biyu ya gina wa Babila ƙofa da tubali mai shuɗin ƙyalli, da sunan Ishtar. Jamusawa suka tono ta a farkon ƙarni na 20, suka kwashe tubalan a akwatuna, tun 1930 tana tsaye a cikin gidan tarihi a Berlin.

Ni dai shirun da ya biyo baya ya fi ja mini hankali. Rubutun nan nasu, da ake dannawa da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu, ya mutu a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Daga nan babu mahalukin da ya iya karanta shi. Sunan Inanna ya kwanta a ƙarƙashin tuddan ƙasa sama da shekara 1,700, ba uwar da ta raɗa wa ɗiyarta shi, ba makaɗin da ya ambace shi a gaban taro. Sai a 1857 aka tabbatar an kwance ƙullin rubutun, lokacin da masana huɗu suka fassara rubutu guda, kowa a keɓe, aka buɗe ambulan ɗinsu a Landan aka ga sun dace a mafi yawan wurare. Wannan ma Akkadanci ne. Harshen Sumer sai da ya ƙara cin wasu shekarun. Shahararren labarinta kuwa a gutsure aka same shi, rabin allo a Istanbul, rabi a Philadelphia, Samuel Noah Kramer ya shafe shekaru yana haɗa su kamar mai ɗinkin ƙwarya. A 1983 shi da Diane Wolkstein, wata mai ba da tatsuniya a New York, suka fitar da littafin da ya kai labarin hannun mutanen gari.

Labarin ya cancanci a ba shi wuri. Inanna ta ci ado ta nufi ƙasar matattu, inda yayarta Ereshkigal ke sarauta. Ƙofa bakwai ce, a kowace mai gadi ya karɓe abu ɗaya daga jikinta, daga kambi zuwa duwatsun wuya zuwa tufa, har ta isa gaban yayar tata tsirara. Aka kashe ta, aka rataye gawar a ƙugiya kamar nama a rumfar mahauci. Da aka kwana uku, baiwarta Ninshubur ta shiga bin manya tana kuka, duk suka juya mata baya sai Enki, wanda ya kankaro dauɗar farcensa ya yi halittu biyu, ya aike su da abinci da ruwan rai. Ta tashi. Amma dokar wurin ita ce mai fita sai ya ba da madadi. Ta dawo ta tarar kowa yana makoki cikin tsummoki, ban da mijinta Dumuzi, makiyayi, wanda ta iske ya sha kwalliya ya harɗe a gadon sarauta. Ta ce a tafi da shi. Ban taɓa ba wata mata wannan labarin ba ta tambaye ni dalili. Dumuzin nan shi ne Tammuz, kuma har gobe haka mutanen Iraƙi da Siriya ke kiran watan Yuli, mafi yawansu ba tare da tunanin makiyayin da matarsa ta miƙa ba.

Daga littafin nan na Kramer da Wolkstein da ire-irensa matar cikin hoton ta samo abin da ta shimfiɗa a teburinta. Gerald Gardner ya fito da addinin Wicca fili a Ingila a 1954. A shekarun 1970 wasu matan Amurka, da suka ga addinin gidajensu bai ba su wurin zama ba, suka shiga tono sunayen mata daga tsofaffin addinai. A 1981 Sylvia Brinton Perera ta fassara saukar Inanna da cewa hoton mace ce da ta faɗa ramin baƙin ciki, aka tuɓe mata duk abin da take taƙama da shi, ta fito wata daban. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, mutum 74,000 suka rubuta cewa su pagan ne, wasu 13,000 suka ce Wicca. Masu Inanna ƴan tsiraru ne a cikin irin waɗannan, warwatse, kowa a ɗakinsa.

To, ita ce Innarmu?

Kunne mayaudari ne, kuma Bahaushe ya fi kowa sani, tunda shi ke da fari na launi, da fari na ƙarancin ruwa, da fari na ido. Baƙo kan ji sunan garinmu ya miƙo hannu wai mu ba shi gishiri. Baturke yana kiran mahaifiyarsa anne. In ya kira wani haka a kasuwar Illela sai an yi rabon faɗa, don a nan anne arne ke nan. Bafillace ya ce inna, mutumin Filifin ya ce ina, ba don sun taɓa haɗuwa ba, sai don na da ma ne sautin da bakin jariri ke fara iyawa, kuma ko'ina uwa ce ke kusa ta amsa. Harshen Sumer ba shi da dangi ko ɗaya da aka sani, rayayye ko matacce. Akkadanci kuwa ɗan'uwan Larabci ne da Ibrananci, kuma Hausa, ta reshen harsunan Chadi, tana cikin babban gidan nan nasu. Ke nan sunan da ya yi kama da namu daga bare ya fito. Ishtar, da bai yi kama da komai ba, shi ya fito daga harshen dangi. In ana neman shaidar dangantakar, ga ta a kalmomi biyu da masana harshe kan kawo. Ba'akkade yana ce wa mutuwa mutu. Yana ce wa suna shumu. Na daɗe ina jinjina wannan: abin da muka haɗa da mutanen da suka rubuta labarin nan a yumɓu bai wuce mutuwa da suna ba, su ne kuma kan labarin.

Ban ga laifin yaron ba. Mun saba son a ce daga gabas muka zo. Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne a bakin masu ba da tarihin Daura, kuma kusan kowane gidan sarauta yana da irin wannan igiyar da ya ɗaura can. Har Bature ya taya mu: Dierk Lange na jami'ar Bayreuth ya fitar da littafi a 2004 yana neman danganta sarautu da al'adun tsafin ƙasar Hausa da tsofaffin ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Mafi yawan masana tarihi ba su bi shi ba. Ni ma ban bi shi ba, duk da akwai abin da ke jan rai. Tsohuwar alamar Inanna damin kara ce mai lanƙwasa a kai, wadda wasu masana ke gani dogarin ƙofar rumbu ce. Tamu kuwa ana ce mata Uwar Gona. Sai dai duk inda aka yi noma an yi rumbu, duk inda aka yi rumbu an yi ɓarawo, an kuma nemi mai tsaron da ba ta barci. Ba sai an yi tafiyar kilomita dubbai an aro wannan ba.

Akwai abin da ya fi wannan raba su. Inanna suna ne. Inna kuwa hanya ce ta kauce wa suna.

Mu mutane ne masu alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari, suruka tana zagaye sunan surukinta kamar mai zagaye rijiya da dare. Abin da aka fi jin nauyi ko tsoro shi ake saya wa laƙabi: a ce wa zaki manyan dawa, a ce wa maciji igiyar ƙasa. Haka aka yi da wannan. Aka ce Inna, don a sanyaya ta da kalmar da ta fi kowace taushi a gida. Aka ce Doguwa, aka tsaya a siffa. Aka ce Bafilatana, mai son nono. Aka raba ta fara da baƙa, ta gida da ta daji. Duk zagaye ne.

Gwaggona, Allah ya jiƙanta, salla ba ta wuce ta, azumi ko na nafila ba ta bari. Ɗanta na biyu, taubashina, yana ɗan shekara uku ya kwana da zazzaɓi, bayan ƴan kwanaki ƙafar hagu ta saki, daga nan ba ta ƙara girma da shi ba, ta zama kamar sillen kara. Ina yaro na sha ganin Gwaggo bayan magariba ta zuba nono a ƴar ƙwarya, ta lulluɓe da faifai, ta zagaya bayan rumbuna, gindin wata tsamiya, ta dawo hannu wofi. Ran nan na bi ta. Da ta juyo ta gan ni ba ta yi faɗa ba, ta kama kunnena ne kawai a hankali, muka taho.

"Gwaggo, wa kike kai ma nono?"

"Wadda tas sha ƙanenka."

"Mi as sunanta?"

"Ba a hwaɗi, ɗan nan. Kai dai tahi ka yi alwala."

Wadda ta sha shi. A nan kalmar take har yau, a bakin kowa, har bakin waɗanda za su yi maka wa'azi in ka ambaci bori: shan inna. Likita na faɗi, gidan rediyo na faɗi, liman na faɗi in an roƙe shi ya yi sanarwar rigakafi bayan sallar Juma'a. Ƴan mata masu ɗauke da akwatin sanyi suna bi gida-gida, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a ƙofa, duk da sunan wadda ba a faɗin sunanta. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da sanarwar cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Ƙwayar ta tafi, Inna tana nan zaune a cikin kalmar, ba wanda ya ce ta tashi.

Ta taɓa zama a fada ma. A Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, ita ke shugabantar ƴan bori, kuma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sarautar ta bi Gobirawa har Tsibiri, kusa da Maraɗi. Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihin Nana Asma'u, ta nuna cewa malfar da Asma'u ke ɗora wa jajis ɗinta, matan da ke jagorantar ƴan taru zuwa karatu, alama ce da matan karkara suka riga suka sani a kan Inna. Ɗiyar Shehu ta san mutanenta: ta bar musu hular, ta sauya abin da ke ƙarƙashinta.

Da na zo rubuta wannan maƙala na rasa kalmar da zan kira Inanna da ita. Masu fassara kan ce allahiya, kalmar da harshe ke tuntuɓe a kanta, ko gunkiya, wadda ta riga ta yanke hukunci kafin a fara magana. Na zaɓi uwargijiya, don ita ta fi kusa da nin ta Sumer, kuma don tana ɗauke da nata labarin. Ubangiji da uwargijiya tare suka tashi, uban gida da uwar gida, masu iko da bawa. Ɗaya ya hau har ya zama sunan Mahalicci, ɗayar tana nan a tsakar gida tana aiken baiwa. Rashin kalmar kuma ba talaucin harshe ba ne. Joseph Greenberg, da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya tarar su ma sun san Allah ɗaya ne a sama, iskoki kuwa a ƙasa suke, su ne ake ma'amala da su yau da gobe. Gwaggo da za ka ce mata tana bauta wa wani abu a gindin tsamiya da ta yi maka Allah ya isa. A wurinta haƙƙin maƙwabciya ce mai wuyar hali, wadda ta riga ta nuna abin da za ta iya.

Sai kuma kalmar da su masu teburin ke kiran kansu da ita. Pagan daga Latin take, paganus, mutumin ƙauye, kuma wanda ya yi lakwal zai gane cewa païen da paysan, arne da manomi, saiwarsu ɗaya a Faransanci. Zagi ce ta ƙarni da ƙarni, suka tsince ta daga ƙasa suka kakkaɓe suka rataya a wuya, har suna rubuta ta a takardar ƙidaya. Tamu ba ta samu wannan gatan ba. Arne a Kano, anne ko azne a nan Adar da Ƙonni, yau duk abu ɗaya ake nufi, kuma ba a faɗa wa mutum a ido a rabu lafiya. Amma ba da zagi ta fara ba. Tun kafin Agabba ya zo daga Agadas a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa su riƙe sarautar Adar da ta zauna a Illela, akwai waɗanda suka sari dajin, suka ƙulla alkawari da abin da suka tarar a duwatsu da fadamu. Su ne azna, masu ƙasa. Sarki na da mutane, su suna da ƙasar da mutanen ke takawa. Guy Nicolas ya tarar da irin wannan tsarin a kwarin Maraɗi, inda kowane dangi na anna ke da gadonsa, noma ko farauta ko ƙira ko su, sana'ar da abin da ake yanka mata a ƙunshe wuri ɗaya. A Masalata, nan kusa da Ƙonni, har yanzu ana taruwa shekara-shekara a yi arwa, a faɗi yadda damina za ta kasance, mutane su saurara, wasu da imani, wasu da dariya, wasu da duka biyun. Abin dariyar shi ne, in ana neman kalmar Hausa da ta taho daga wajajen Inanna da gaske, Maguzawa ce, wadda masana da yawa ke mayarwa ga Majusu na Larabci, sunan masu bin tsohon addinin Farisa. Malamai suka aro ta don a samu gurbin da za a ajiye maƙwabci manomi a shari'a, ya biya jiziya ya zauna lafiya.

Gado. A nan hanyoyin biyu suka rabu. Matar cikin hoton ta karanta, ta ji wani abu ya taɓa ta, ta zaɓa. Da ta ga dama da ta ɗauki wata daga Masar ko Girka, in kuma ta gaji gobe za ta naɗe shuɗin yadin ta mayar da teburin na ajiye littattafai, ba wanda zai biyo ta bashi. A nan ba a zaɓa. Iska ce ke zaɓar dokinta ko goɗiyarta, kuma da ciwo take sallama: rashin lafiyar da ta ƙi jin magani, ɓari a kan ɓari, mutuwar ƴaƴa. Sai an gaji da yawo sannan a yarda a yi girka, kalmar da aka aro daga murhu, wato a ɗora mutum a wuta kamar tukunya har ya nuna. Kwanaki a ɗaki, jiƙe-jiƙe, mai goge da masu ƙwarya, akuya mai launi kaza, zane iri kaza, kuɗin da za a yi shekara ana biya. Bayan nan kuma ba saki. Uwa ta mutu, abin ya nemi ɗiya.

Ni Musulmi ne, ba na kewar wannan, kuma na ga abin da ya ci wa gidaje. Amma in za a yi maganar gaskiya tsakanin masu teburi da masu tsamiya, na fi gane tsoron Gwaggo a kan natsuwar baiwar Allah ta Amurka. Inannar da ke cikin allunan yumɓu ba mai lallashi ba ce. Akwai waƙar da ta rusa dutsen Ebih ɗungurungum don bai rusuna mata ba. Ta miƙa mijinta. Wadda aka ɗora a teburi kuwa an yanke mata farce, ba ta neman komai sai abin da mai ita ya riga ya yi niyyar bayarwa, ba ta faɗin komai sai abin da zuciyarsa ke son ji. Duk da haka ba zan yi musu dariya ba. A cikinsu akwai masu zama su koyi rubutun yumɓu alama bayan alama, don kada su dogara da fassarar wani. Kuma mutumin da ya tashi da asuba, shi kaɗai, a garin da ba wanda zai amsa masa, ya kunna kyandir yana kiran sunan da ya tsinta a littafi, akwai ƙishirwar da ta kai shi nan, ko da rijiyar da ya nufa ta daɗe da ƙafewa.

Dalili na biyu da ya hana ni dariya ya fi kusa da gida. Shekarun baya, a wani ɗakin karatu a Yamai, na ci karo da aikin Nicole Echard, Bafaransar da ta yi shekaru tana bincike a Adar. Ta fitar da tarihin manoman Adar a 1975, sannan littattafanta kan borin Adar da Kurfai a 1989. Na buɗe, sai ga iskokin ƙasarmu a jere, shafi bayan shafi, kowanne da sunansa da danginsa da halinsa, abin da Gwaggo ta kama kunnena a kansa ga shi an baje da Faransanci, da lambar shafi. Na zauna a ƙarƙashin fanka ina karantawa, leɓena na motsi. Ban rage murya ba. Sai da na fito na tsaya jiran mota na gane abin da na yi: na koyi al'adar bayan rumbunmu daga littafin baƙuwa, daidai yadda matar can ta koyi tata daga Kramer. Adeline Masquelier ta sa wa littafinta na 2001 kan borin Dogondutsi suna da kukan da ta ji a bakin masu abin, cewa salla ta ɓata komai. Su ke nan suna ganin ƙarshensa. Wata rana jikan jikan wani daga Tawa, a Montreal ko Marseille, zai ɗauko Echard daga kanta, ya ji wani abu ya taɓa shi, ya sayo ƴar ƙwarya da madarar kwali. Zai faɗi sunayen duka da ƙarfi, daidai da yadda aka rubuta.

Abu ɗaya ne na tabbata mun haɗa da Uruk ba ta hanyar littafi ba, shi ma a sama yake. Inanna ita ce tauraruwar da muke kira Zara in ta fito da magariba, daga Zuhura ta Larabawa, mu kira ta Gamzaki in ta fito da asuba. Mutanen can sun san guda ce. Wani allo ya lissafa fitarta da ɓacewarta na shekara 21 a zamanin Sarki Ammisaduka na Babila. Tana zagayowa duk kwana 584, kuma tsakanin barinta yamma da ɓullowarta gabas takan ɓace kamar mako guda. Masana da yawa na ganin daga nan labarin saukarta ƙasar matattu ya samo tushe. Su sun ce ɗiyar wata ce, mu muka ce Zara matar wata. Mun dai yarda gidansu ɗaya. A kan duwatsun iyakar gonaki na Babila ana sassaƙa alamomi uku a sama, tauraro da jinjirin wata da rana. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan jerin, don haka ya zo a Suratul An'am, a labarin Annabi Ibrahim (AS), wanda ruwayoyi ke cewa a ƙasar nan aka haife shi: ya dubi tauraro, ya dubi wata, ya dubi rana, kowanne ya faɗi, ya juya musu baya. Wasu masu tafsiri sun ce tauraron Zuhura ce. Abin da mutanen Uruk suka gina labari a kansa, ɓacewa da dawowa, shi ne hujjar da ya kafa a kansu.

Da kasuwa ta zagayo, na ja yaron muka je wurin taubashina. Yana nan bakin hanya a ƴar rumfarsa ta kwano, kekensa na hannu a jingine, da can gyaran rediyo yake, yanzu waya ta fi yawa. Jikarsa na wasa a gefen tabarma, ƙaramin yatsanta da sauran tawadar masu rigakafi. Na ce wa yaron ya nuna masa hoton, ya kuma yi masa tambayar da ya yi mini. Ya karɓi wayar, ya fara duba bayanta tukuna don ya ga ko an taɓa buɗe ta, sannan ya ware hoton da yatsu biyu. Ya daɗe a kan farantin.

"Dabino ɗai taka ci?"

Yaron ya ce har da turare, da abin da ke cikin kofin.

"Wagga tana da sauƙin kai," in ji shi. Ya miƙa masa wayar, ya ɗan bubbuga cinyarsa ta hagu da bayan sukudireba. "Tamu ƙahwa tad ɗauka."

Ya ce mini in matsa, na tsaya masa a haske, ya mayar da kai kan dalmarsa.